Kuɗin Yaƙi da Hamada: Daga Ina Suke Fitowa?

Hamada ba ta san kan iyaka ba, shi ya sa ƙasashen duniya suke taruwa domin shawarta wanda zai ɗauki nauyin kiyaye muhalli. A taron Riyo, cikin ƙasar Brazil, a 1992, aka amince cewa ƙasashe masu arziki, waɗanda hayaƙin masana'antunsu ya fi ɓata iska, su ne za su fi ba da gudummawa. A Kofanhegan, a 2009, suka yi alkawarin Dala miliyan dubu 100 kowace shekara daga 2020, amma adadin bai cika ba sai 2022.

Nijeriya tana da rabo a ciki. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma a Abuja domin aikin Babbar Katangar Itatuwa cikin jihohi 11, har da Sakkwato, Katsina da Barno. A taron Faris na 2021 aka yi wa aikin alkawarin fiye da Dala miliyan dubu 14 domin dukan ƙasashen Sahel.

To, amma alkawari ba kuɗi a hannu ba ne, kuma abin da ya iso bai kamata ya salwanta ba. Dashen da ya bushe, ko akuya ta cinye, asara ce ga kowa. Wajibi ne kowane manomi ya shayar da nasa, ya kuma shinge shi.