Ziyarar Gona a Fadamar Rima: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Fadamar Gulbin Rima, wadda ta taso ta Augie da Argungu ta gifta ta gefen Birnin Kebbi ta gangara Bunza, tana cikin wuraren da aka fi noman shinkafa a Najeriya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015, baƙi ba su yanke wa yankin ba. Shekara guda bayan haka aka fito da shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, sannan a 2017 aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Ɗalibai da 'yan kasuwa da 'yan jarida da ma'aikatan ƙungiyoyi duk sukan zo su ga inda abincin ke fitowa. Yawancinsu ta Gwadangaji suke farawa, domin nan sakatariyar jiha take, daga nan a haɗa su da malamin gona ya shiga da su fadama. Malaman gonar da suka daɗe suna wannan rakiya sun san cewa ziyara iri biyu ce. Akwai wadda baƙo zai koma da ilimi manomi kuma ya ƙaru, akwai wadda ba ta barin komai sai sawun taya a bakin gona da ɓata wa mai gona yini.

Lokacin zuwa shi ne farkon abin dubawa. Shinkafar rani ana zuba irinta ne wajen Disamba zuwa Janairu, a yi dashe bayan mako biyu zuwa uku, a yanke ta tsakanin Afrilu da Mayu. Wanda ke son ganin aikin ban-ruwa da dashe sai ya zo cikin hunturu, wanda ke son ganin yanka da bugu da awo sai ya jure zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Watannin Agusta da Satumba kuwa na ruwa ne. Gulbi kan cika ya tumbatsa, musamman idan an saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori, hanyoyin fadama su yanke, gonaki da yawa sai da kwalekwale. A irin wannan lokaci ne ambaliyar 2020 ta shafe shinkafar dubban manoma a jihar. Ko a cikin yini ɗaya ma, sammako ya fi. Daga bayan sallar asuba zuwa hantsi ne ake samun manomi a bakin aiki, rana na take tsaka kowa ya nemi inuwa. Ranar Juma'a da ranar kasuwar gari ba ranakun kai baƙi ba ne.

Ba a shiga gonakin gari ta bayan gida. Ana fara gaida hakimi ko mai gari, shi kuma ya haɗa baƙi da Sarkin Noma, idan bakin ruwa za a je a nemi Sarkin Ruwa. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Manomin da ya ga baƙo tare da ɗan aiken mai gari zai saki jiki ya faɗi gaskiyar abin da ya samu a kadada, wanda kuwa aka faɗo masa kwatsam da takarda da biro zai zaci ko masu karɓar bashi ne ko masu rabon tallafi, ya rage ko ya ƙara gwargwadon zatonsa. Idan an isa gona, sallama da "sannu da aiki, Baba" ko "barka da ƙoƙari, Malam" su ke buɗe baki. Tafiya kuma a kan gaɓar fangali ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Gaɓar nan da hannu aka ɗaga ta domin ta riƙe ruwa, kuma ruwan da kuɗi aka jawo shi. Mutum goma masu takalmi sau-ciki za su iya rusa aikin kwana biyu cikin minti biyar.

Batun ruwa shi ya kamata baƙo ya fi tsayawa a kai, domin nan kuɗin noman rani ke tafiya. Ruwan ƙasa a fadama ba shi da nisa, saboda haka manoma kan kafa 'yar rijiyar bututu a gefen gona su ɗora mata ƙaramin injin fetur. Shinkafa irin FARO 44, wadda ta fi yaɗuwa a yankin, tana ɗaukar kusan wata huɗu daga zuba iri zuwa yanka, kuma a mafi yawan wannan lokaci injin ba ya hutawa sai kwana ɗaya ko biyu. Da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, lissafin ya birkice. Wasu sun rage faɗin gona, wasu sun juya injinsu zuwa iskar gas, masu hali sun koma famfon hasken rana. Baƙon da ya tambayi manomi lita nawa yake ƙonawa a kowane ban-ruwa, da sau nawa yake yi a mako, ya fahimci farashin buhun shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi fiye da wanda ya tsaya ɗaukar hoton koren ganye. Haka nan yana da kyau ya duba tazarar dashe. Malaman gona suna koyar da santimita 20 tsakanin gindi da gindi, a jere, amma 'yan ƙwadago da ake biya da fangali sun fi son su caccaka su wuce, kuma daga nan ake fara asarar amfani tun shuka ba ta yi ciki ba.

Idan shinkafa ta fara nuna, baƙo zai tarar da yara da manya a kan rumfuna suna kaɗa gwangwani suna ihu tun duku-duku. Jan-baki suke kora. Garken tsuntsun nan idan ya sauka a gona, kafin mai ita ya dawo daga sallah ya bar masa zangarniya fanko. Masu gadin tsuntsu ba a janye su da surutu.

Sai dai inda shinkafar Kebbi ke samun suna ko ta rasa shi ba a cikin gona yake ba, yana bayan yanka, kuma nan ne yawancin baƙi ba sa zuwa. Shanshera idan aka buge ta a kan tanfol takan fito tsaf, idan aka buge ta a ƙasa tsirara kuwa, tsakuwar da mai ci zai tauna a Legas ko Kano a nan ta shiga. Bushewarta ma abin lura ce. Masana'antu suna son danshin da bai wuce kashi 14 cikin ɗari ba, suna da na'urar awo a bakin ƙofa, kuma kowane ɗigo da ya haura ragi ne a kuɗin manomi. Dillalin ƙauye ba shi da na'ura, haƙorinsa ne ma'auni. Zai zura hannu can tsakiyar buhu, ba sama ba, ya ɗebo 'yan ƙwayoyi, ya murje su a tafin hannu ya hure ƙaiƙayi, ya sa ɗaya tsakanin haƙoran gaba. Idan ta ce ƙas ta rabe biyu, ta bushe. Idan ta lotse ba ƙara, akwai sauran rana a kanta, kuma idan aka ɗinke ta haka za ta yi zafi a cikin buhu ta canja launi. Ɗalibin da ya tsaya kusa ya ga wannan, ya gwada da bakinsa, ba zai sake mantawa da ma'anar danshi ba.

Daga nan sai gidajen mata masu turara shinkafa, waɗanda su ne ke ciyar da kasuwannin ƙauye da na gari tun kafin a san manyan injuna. Namiji baƙo ba ya kutsa kai cikin gida. Ana neman izinin maigida, kuma ya fi kyau a tafi da malamar gona mace, ita ta shiga da mata baƙi, maza su tsaya a zaure ko a filin shanya. Hoto kuwa sai an tambaya, idan Inna ta ce a'a, an gama magana. Aikin da kansa yana da matakai. Ana wanke shanshera a kwashe wadda ta taso saman ruwa, domin fanko ce. A jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, da safe a tsame a ɗora a wuta har ɓawon ya fara tsagewa, sannan a shanya. Turarawa tana tura sinadaran gina jiki da ke jikin dusa zuwa cikin ƙwayar, musamman bitamin B1, tana kuma ƙarfafa ta yadda ba za ta kakkarye a injin casa ba. Kuskuren da aka fi gani shi ne dafa shinkafar cikin ruwa a maimakon turara ta. Ta ƙasan tukunya ta ƙone, ta sama ba ta ji wuta ba, a casa a sami baƙi-baƙi da fari-fari a kwano ɗaya. Maganinsa ba tsada: faranti mai huji-huji da ake sawa a cikin tukunya ya raba shinkafa da ruwa, tururi kaɗai ya ratsa ta. Matan da suka karɓi wannan dabara, suka kuma daina shanya a gefen kwalta inda awaki da ƙura ke bi, shinkafarsu takan yi haske ɗaya, kuma mai saye da kansa yake ƙara musu kuɗi a kan kwano. Shanyar ma ba a son a bar ta ta ƙone a rana tsaka. Ana juyawa, a ƙarasa a inuwa, in ba haka ba ƙwayar ta tsattsage daga ciki.

Argungu kuwa sunanta ya fi tafiya da kifi. Bikin kamun kifi da ake yi a Matan Fada ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Amma bikin kwanaki kaɗan ne, masunta kuwa da homa da gora da taru suna kan ruwa mafi yawan shekara, ban da wuraren da Sarkin Ruwa ya hana taɓawa domin kifi ya hayayyafa. Baƙon da ya zo ba lokacin biki ba zai fi ganin sana'ar yadda take, musamman wajen masu banda. Kifin da ya ji hayaƙi sosai yana da ƙarfi a hannu, ba ya lotsewa, ƙamshinsa na itace ne. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne kwandon busasshen kifi da ƙuda ba ya kusanta ko kaɗan a tsakiyar kasuwa. Wasu, don gudun tsutsa da ƙwaro, suna yayyafa wa kifi maganin ƙwari na gona, kuma wannan guba ce da ke tafiya har cikin miya. Irin wannan ganganci da aka yi wa wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ga wake da hatsi akwai buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska, ga kifi kuwa babu abin da ya fi a sake mayar da shi kan banda lokaci-lokaci. Baƙo mai saye yana da haƙƙin ya tambaya, kuma mai sana'ar ƙwarai ba ya jin haushin tambayar.

Wanda ke da sauran lokaci yana iya leƙawa Aliero ya ga rumbunan albasa, ko ya tsaya a ruga da safe ya ga tatsa. Nonon da aka tatso yanzu ba a sha sai an tafasa, komai kyansa a ƙwarya.

Lafiyar baƙo ma tana kan malamin da ya kawo shi. Ruwan fadama da ya kwanta yana ɗauke da tsargiya, saboda haka ba a barin ɗalibai su shiga ba takalmin roba. Lokacin yanka macizai kan fake a ƙarƙashin dami. Gonar da aka yi wa feshi yau ba a ratsa ta. Idan tafiya ta kama a ƙetare gulbi, rigar ruwa wajibi ce, kuma idan mai jirgi ya ce ya cika, ya cika. A ƙauyukan da ke nesa da babbar hanya, ana tambayar masu gari halin tsaro tun kafin a ɗaura niyya.

Abin da ya fi ci wa manoman fadama tuwo a ƙwarya shi ne rubuta suna. Sau da yawa baƙi kan tara mutane a gindin bishiya, su karɓi sunaye da lambobin waya, su ce za a ji daga gare su, shi ke nan an rabu. Malamin gona shi ake bari da jama'a, shi za a tare a kasuwa a ce, "Malam, ina takinmu?" Bayan irin wannan sau uku ko huɗu, ko sabon iri na gaskiya ya kawo ba mai sauraronsa. Saboda haka baƙon da bincike ya kawo shi ya faɗa tun a gaban mai gari cewa bincike ne, ba rabo ba. Wanda ya zo saye ya saya a farashin ranar, ya biya a hannu, kada ya matsa wa mai gona da ciniki don ya ga ƙauye ne. Idan aka ba shi kyautar kwanon shinkafa ko 'yan albasa ya karɓa da godiya, domin mayarwa raini ne, amma ya san cewa awa biyun da manomi ya tsaya yi masa bayani awa biyu ne na ƙwadago, kuɗin goro ko na man inji ba zai yi yawa ba. Ɗalibi ko mai bincike da ya ɗebi ƙasa ko ruwa ko ganye ya tafi da su ɗakin gwaji, ya dawo da sakamakon ta hannun malamin gonar yankin, a karanta wa mai gonar da Hausa, kafin lokacin zuba iri na gaba.