Amanar Mai Raino Da Malamin Farko

Yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi ilimin da ya wajaba a samu ga duk wanda aka danƙa wa ƙaramin yaro, domin ya rene shi kuma ya ɗora masa karatun farko.

A yau iyaye da yawa, saboda aikin ofis ko kasuwa, sukan kai yaro gidan raino ko ajin share fagen firamare tun yana ɗan shekara biyu ko uku. Sukan tambayi kuɗin zango, su duba kyan gini, amma da wuya su tambayi ilimin wadda za ta yini da shi. Wasu masu makarantu kuwa sukan bar ajin ƙanana ga wanda bai yi nisa a karatu ba, don albashinsa bai taka kara ya karya ba. Wannan kuskure ne babba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shari'a ba ta ɗauki raino da wasa ba. A babin hadana, wato riƙon yaro, malaman mazhabar Maliki sun sharɗanta wa mai riƙo hankali, da ikon ɗawainiya, da amana, da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa. In har za a nemi waɗannan ga uwa da kaka, ina ga bare wanda ake biya lada?

Tarihi ma ya nuna darajar karatun farko. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, an ruwaito cewa fursunan da ba shi da dukiyar fansa amma ya iya rubutu, sai aka sanya fansarsa ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Ba kowa aka ba wannan aiki ba sai wanda ya iya. A Ƙairawan kuma, Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a 256 bayan hijira, ya wallafa Adabul Mu'allimina, inda ya ɗora wa malamin yara koyar da haɗa baƙi, da wasali, da kyan rubutu, da karatu daki-daki. Ya wajabta masa adalci tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka, ya kuma taƙaita masa duka.

Hikimar wannan a fili take. Karatu daga kunne yake farawa kafin ya kai ga ido. Yaron da ake yi wa magana, ana yi masa tatsuniya da kacici-kacici, ana amsa tambayarsa, shi ne yake tara kalmomi ya kuma saba da rarrabe sauti. Sa'an nan ya gane cewa kowane sauti yana da siffa a rubuce. Tsarin makarantar allo a kan wannan yake: a fara da babbaƙu, yaro ya san alu, ambaki, wau, zal, sannan a shiga farfaru, inda wasali yake hawa kan baƙi. To, idan mai biyawa bai gyara harshensa ba, kuskurensa yaron zai haddace. Mutane nawa ne suka girma suna furta lodi tamkar lam, ko suna haɗa zal da zaira, suka kuma sha wuya wajen gyarawa da furfura a ka?

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. A 1993 aka kafa majalisar yi wa malamai rajista a Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma kwalejojin ilimi suna da sashe na musamman kan ilimin ƙananan yara. Saura aiwatarwa.

Saboda haka ya kamata uba ya tabbatar da abu huɗu kafin ya miƙa ɗansa. Na farko, mai riƙon ya iya abin da zai koyar, boko ne ko Alƙur'ani, kuma ya ɗauko shi daga bakin malami. Na biyu, ya san yadda ake koyar da yaro gwargwadon shekarunsa, ba da tsawa da bulala ba. Na uku, ya san tsarki da tsabta da matakin da ake ɗauka in yaro ya ji ciwo. Na huɗu, ya kasance mai kyan hali, domin yaro ya fi kwaikwayon abin da ya gani bisa abin da aka faɗa masa.

Masu makarantu su ma su sani, ɗaukar wanda bai cancanta ba don neman arha cin amana ne. Ajin ƙanana ya fi kowane aji buƙatar gwani, kuma gwani sai da lada mai kyau. Masu rainon da ba su sami horo ba kuwa, ƙofar neman ilimi a buɗe take gare su.

Allah Ya shirya zuriyar Musulmi, Ya saka wa malamai da alheri. Amin.