Hakkin 'Yan Sanda Da 'Yan Kwana-kwana A Kan Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yi wa bayinsa ni'ima da aminci, ya hore wa sashensu tsaron sashe. Tsira da amincinsa su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi waɗansu mutane ne da muke gani kullum, amma ba safai mukan tambayi abin da Shari'a ta ɗora mana game da su ba. Su ne 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da iyalan da sukan bari a gida in sun fita aiki. Duk wanda ya san Hanwa, tsakanin Sabon Garin Zariya da Samaru, ya san ba ya wuce Kwangila ko mahaɗar MTD bai ga ɗan sanda tsaye a rana yana ba da hannu ba. Haka nan in hunturu ya kama, ba a daɗewa ba a ji jiniyar motar kashe gobara ba. To, mene ne hakkin waɗannan mutane a kanmu?

Tsaron gari faralu kifaya ne

Malamanmu sun kasa farilla kashi biyu. Akwai faralu aini, wanda ya hau kan kowane baligi, kamar salla da azumi. Akwai kuma faralu kifaya, watau aikin da ya hau kan jama'a duka, amma idan waɗansu suka tsaya da shi ya faɗi a kan sauran, in kuwa kowa ya bari, to, kowa ya yi laifi. Sallar jana'iza tana cikin wannan kashi, haka kuma tsaron rayuka da dukiyoyin mutane. Ibn Abi Zaid ya ambata a cikin Risala cewa zaman tsaron iyakokin Musulmi wajibi ne wanda waɗanda suka tsaya da shi ke ɗauke wa saura, kuma falalarsa tana ƙaruwa gwargwadon yawan tsoron da ke wurin.

A nan ne gindin maganar yake. Idan malamin makaranta a Samaru ya yi barci da dare, ɗan kasuwa ya kulle rumfarsa a Sabon Gari ya tafi gida, ba wai nauyin tsaron unguwa da kasuwa ba ya kansu ba ne. Yana kansu, sai dai wani ya ɗauke masu. Wanda ya kwana sintiri da wanda ya kutsa cikin hayaƙi sun sauke farillar da ke wuyanmu duka. Wanda kuwa ya biya maka bashi, ai ko ba ka san sunansa ba, yana da hakki a kanka.

Abin da magabata suka yi

Wannan aiki ya samo asali tun zamanin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wani dare a Madina Annabi ya kasa barci, ya yi fatar samun mutumin kirki da zai yi gadinsa. Sai aka ji motsin makami, ashe Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne ya zo domin haka. A ruwayar Muslim an ce Annabi ya yi masa addu'a, sa'an nan ya kwanta. Buhari kuma ya ruwaito daga Anas cewa matsayin Ƙaisu ɗan Sa'adu a wurin Annabi kamar matsayin shugaban 'yan sanda ne a wurin sarki. Sayyidina Umar kuwa da kansa yake zaga Madina da dare lokacin halifancinsa.

Tirmizi ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa idanu biyu wuta ba za ta shafe su ba, watau idon da ya yi kuka saboda tsoron Allah, da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Asalin wannan bushara ta masu tsaron iyaka ce, amma muna fatan rabo a cikinta ga duk Musulmin da ya hana idonsa barci domin mutane su kwana lafiya, muddin ya gyara niyyarsa, ya tsare hannunsa daga zalunci.

Game da gobara, Abu Musa Al'ash'ari ya ba da labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da aka gaya wa Annabi sai ya yi gargaɗi cewa wuta maƙiyiya ce, a riƙa kashe ta kafin a kwanta. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuma ta nuna cewa ceton rai guda tamkar ceton mutane ne baki ɗaya. Ke nan wanda sana'arsa ita ce fitar da mutane daga cikin wuta, ba ƙaramin matsayi Allah ya ba shi ba.

Yadda aikin ya zo ƙasarmu

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke wannan aiki a ƙasar Zazzau da sauran masarautu. Daga baya aka kafa 'yan doka a ƙarƙashin En'e. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna guda, bayan da soja suka karɓi mulki a 1966 kuma aka shiga haɗe 'yan doka cikin wannan runduna har suka narke. Aikin kwana-kwana da fari reshe ne na 'yan sandan Ikko, sai a 1963 aka yi masa dokarsa.

Wannan canji ya haifar da abu guda da ya kamata mu lura da shi. Ɗan doka ɗan gari ne, an san gidansu, in ya rasu danginsa na kusa. Ɗan sanda kuwa ana iya ɗauko shi daga kowace jiha a kawo shi Zariya. Baƙo ne, matarsa baƙuwa ce, 'ya'yansa ba su da kawu ko gwaggo a kusa. Saboda haka ya tara hakki biyu, na ma'aikacin jama'a da na maƙwabci baƙo, wanda aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni a kyautata masa. Wannan kuwa ya haɗa da wanda ba Musulmi ba, domin aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana alheri da adalci ga wanda yake zaune lafiya da mu ba, balle wanda yake tsaron ƙofarmu.

Hakkoki uku

Na farko shi ne godiya da addu'a. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda ba ya gode wa mutane bai gode wa Allah ba. Ranar 7 ga Yuli, 2015, bam ya tashi a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, ya kashe fiye da mutum 20. A irin wannan rana kowa neman hanyar tsira yake yi, amma ma'aikacin tsaro da na ceto wurin suke nufa, alhali ba su da tabbacin ko akwai wani bam ɗin. An keɓe ranar 4 ga Mayu a duniya domin 'yan kwana-kwana, bayan wata gobarar daji da ta halaka biyar daga cikinsu a Ostireliya a 1998. A Nijeriya kuma an ayyana 7 ga Afrilu ranar 'yan sanda a 2024. Babu laifi a yi amfani da irin waɗannan ranaku, amma Musulmi ba ya jiran shekara ta zagayo kafin ya ce wa mutum sannu da aiki. Limaman Juma'a su riƙa sanya su cikin addu'a, Allah ya tsare su, ya kuma shiryi masu kuskure a cikinsu.

Na biyu shi ne taimakonsu a kan aikin. Shehu Halil ya bayyana a cikin Muhtasar, littafin da ake karantarwa a zaurukan Zariya, cewa wanda yake da ikon ceton rai ko dukiya daga halaka, da hannunsa ko da shaidarsa, ya ƙi, to, ramuwa ta hau kansa. Ku duba, jama'a, har da shaida. Ashe wanda ya san maɓoyar ɓarayi ya yi shiru, yana cewa ba ruwana, da ruwansa. Haka wanda ya ji jiniya ya ƙi kauce wa motar kashe gobara, da wanda ya yi gini ya toshe lungu har mota ba ta iya shiga, da 'yan kallon da kan cika wuri su hana aiki. Mafi muni su ne masu jifar 'yan kwana-kwana wai sun makara. Sau da yawa sai wuta ta ci ƙarfin mutane ake tunawa da kiransu, in ruwan motar ya ƙare kuma sai sun tafi nesa ɗebo wani. Ya fi kyau mai rijiyar burtsatse ko babban tanki ya sanar da su cewa ƙofarsa a buɗe take ran da bukata ta taso. Gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ta isa wa'azi ga kowace kasuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku, wanda aka fi sakaci da shi, shi ne kula da iyalansu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu ɗan Halid cewa wanda ya tsaya wa iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma yana da ladan fita. Sun kuma ruwaito cewa mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da miskini tamkar mai jihadi ne. Ran da ma'aikaci ya faɗi a bakin aiki, akan yi jana'iza, a yi zaman makoki, a watse. Matar tana cikin takaba za ta fara tunanin barin ɗakin bariki, da kuɗin makarantar yara, da zirga-zirgar neman hakkin mijinta, wanda kan ɗauki lokaci kafin ya fito. Gwamnati ce ke da nauyin albashi da fansho da muhalli, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa ma'aikacin hukuma ya cancanci a sama masa abin yin aure da wurin zama. Wajibi ne masu faɗa a ji su riƙa tuna wa hukuma wannan. Amma jinkirin hukuma ba ya ɗauke hakkin maraya daga kan maƙwabta.

Taimako dabam, cin hanci dabam

Wani zai ce, ai kullum muna ba su na goro a hanya. To, ɗan'uwa, wannan ba taimako ba ne. Annabi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Annabi ya hau mumbari ya tambaya, don me bai zauna gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa ba? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin miyagun al'adu a Kitabul Farƙi.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Duk abin da ka miƙa wa ma'aikaci domin ya kau da kai daga laifinka, ko ya fifita ka a kan abokin shari'arka, haram ne a kanku duka biyu. Abin da jama'a suka tara a fili, ta hannun kwamitin masallaci ko mai unguwa, aka rubuta, aka kai wa maraya ko wanda ya naƙasa a bakin aiki, wanda ba shi da ikon amfanar kowa ko cutar da shi, wannan sadaka ce mai lada. Abin takaici, kuɗin da muke zubarwa a ta farkon, muna sayen zunubi, da an tara shi ya isa ya riƙe marayu masu yawa.

Hanyoyin alheri kuwa a buɗe suke. Masallatan Hanwa da Samaru da Sabon Gari suna iya sanin gidajen irin waɗannan marayu, su sa su cikin rabon zakka in Musulmi ne mabukata, su ba wanda ba Musulmi ba daga sadakar ganin dama. Masu makarantu su ware gurbi kyauta. Wanda ya san kan takardu ya raka matar mamaci ofis. In an kwantar da ma'aikacin da ya ji rauni a asibitin Shika, a je a duba shi. Akwai kuma kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda aka kafa a 1984, mutanen kirki su shige shi don kada ya zama dandalin masu neman alfarma.

Ba mu ce babu azzalumai a cikinsu ba. Akwai, kuma wanda aka zalunta yana da ikon kai ƙara, jama'a su tsaya masa. Amma Alƙur'ani ya hana ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci, ya kuma tabbatar cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Ba ya halatta a ƙona caji ofis, ko a wulaƙanta mai gaskiya saboda laifin maci amana, balle a juya wa maraya baya don rigar da ubansa ya sa. Ku kuma ma'aikata, ku ji tsoron Allah, ku sani rigar nan amana ce, za a tambaye ku a kanta ran da babu kofur babu kwamishina.

Allah ya tsare masu tsaronmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya marayunsu, ya kare garuruwanmu daga gobara da fitina. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.