Saita Wayar Zamani Domin Kiyaye Lokutan Ibada

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya rana da wata su zama ma'aunin lokaci ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wayar tafi-da-gidanka ne, wadda ta fara aiki a Nijeriya cikin shekarar 2001, ta yi ta yaɗuwa har ta zama ita ce agogon mutane da kalandarsu. Duk wanda ya ratsa unguwar Jakara a cikin birnin Kano, ya shiga Kasuwar Kurmi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, zai ji wayoyi suna kiran salla daga rumfuna, wata ta riga wata, wata kuma sai can daga baya ta ɗauka. Rana ɗaya ce a kan garin, gari kuma ɗaya ne, amma ga kira ya rarrabu.

Dalilin wannan saɓani shi ne, kowace waya tana zuwa da saitin da wani ya yi mata. Wata daga kamfanin da ya ƙera ta a ƙasar Sin, wata daga wanda ya fara riƙe ta a wata ƙasa, wata kuwa daga yaron shago a kasuwar waya ta Farm Centre. To, wanda zai ɗora sallarsa da azuminsa a kan waya, lalle ne ya san abin da aka saita mata, ya gyara shi da kansa ko ya sa wanda ya sani ya gyara masa. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa shigar lokaci sharaɗi ne na ingancin salla. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu ma an tsananta, domin an nuna cewa wanda ya yi salla yana shakkar shigar lokaci, sallar ba ta isar masa ba, ko da daga baya ta bayyana cewa a cikin lokacin ya yi ta.

Agogo Da Gari

Abu na farko da za a duba shi ne agogon wayar kanta. A shiga wurin saiti, wanda alamarsa da'ira ce mai haƙora kamar giyar keke, a nemi sashen kwanan wata da lokaci, a kunna wurin da ke barin waya ta karɓi lokaci daga layin sadarwa. Wannan ya fi muhimmanci ga alhazai da fatake, domin agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da sa'a 2, na Dubai da sa'a 3, na Gana yana baya da sa'a 1, na Jamhuriyar Nijar kuwa daidai yake da na Nijeriya.

Abu na biyu shi ne sunan garin da aka sanya wa manhajar lokutan salla. Nijeriya duka agogo ɗaya take bi, amma rana ba ta tsayuwa a kan garuruwanta a lokaci ɗaya. Ƙasa tana juya daraja ɗaya, watau digiri ɗaya, cikin kowane minti 4, saboda haka garin da ke gabas yana riga na yamma. Zawali yana riskar Maiduguri kafin Kano da kimanin minti 18, yana riskar Kano kafin Sakkwato da kimanin minti 13, kafin Legas kuma da kimanin minti 20. Ke nan idan ɗan kasuwa ya dawo Kurmi daga Maiduguri, wayarsa tana nan a kan lissafin can, ya ji ta kira Magariba ya sha ruwa, to ya buɗe baki alhali rana tana sama, ramuwa ta hau kansa.

Lissafin Alfijir

Malamai sun san alfijir iri biyu: na ƙarya, wanda haskensa ke miƙewa sama sa'an nan ya gushe, da na gaskiya, wanda ke bazuwa a gefen gabas. Na biyun shi ne yake halatta sallar Asuba, yake haramta ci ga mai azumi. Waya ba ta da idon ganin alfijir. Lissafi take yi na yawan darajojin da rana take ƙarƙashin gefen sama kafin ta ɓullo, masana kuwa sun saɓa a kan adadin. Hukumar safiyo ta Masar ta ɗauki daraja 19 da rabi. Kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ta ɗauki 18 da rabi. Rabiɗatul Alamil Islami da Jami'ar Ilmin Musulunci ta Karaci sun ɗauki 18. Ƙungiyar Musulmin Amurka ta Arewa kuwa an san ta da 15.

A Kano kowace daraja ɗaya tana daidai da minti 4 da ɗoriya, saboda haka tsakanin lissafin Masar da na Amurka akwai kusan minti 20. Wanda wayarsa take kan lissafin Amurka yana iya zama yana cin sahur bayan masallatan unguwa sun kira salla. A mazhabar Maliku, wanda ya ci abinci yana shakkar fitowar alfijir cikin azumin farilla, sai ya rama wannan yini. Haka kuma lissafin Ummul Ƙura yana sanya Isha'i minti 90 bayan Magariba, cikin Ramalana kuma minti 120, alhali alamar da shari'a ta sanya ita ce ɓoyewar jan shafaƙi.

Hanyar tsira a nan ita ce mutum ya buɗe sashen hanyar lissafi a cikin manhajar, ya gwada su da kiran ladanin masallacin da aka amince da kiyayewarsa har 'yan kwanaki, ya zaɓi wadda ta fi kusa. Galibin manhajojin suna da wurin ƙara ko rage mintoci ga kowace salla, sai a yi amfani da shi a cike ɗan bambancin da ya rage. Inda aka sami saɓani, sai a kame baki a kan na farko, a jinkirta salla zuwa na ƙarshe.

Azahar Da La'asar

A Kano zawali yana kaiwa da komowa tsakanin kimanin ƙarfe 12:10 a farkon Nuwamba da ƙarfe 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Waya takan yi kira da zarar rana ta karkata, masallatan cikin birni kuwa sukan jinkirta. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Wayar farkon lokaci ta faɗa, masallaci kuma ya bi abin da malaman Malikiyya suka so na jinkirta Azahar ga jam'i har inuwa ta ƙaru da rubu'in tsawon abu, domin mutane su taru. Kada saurayi ya ɗaga waya a gaban liman yana cewa an makara.

La'asar ita ce take da tarko. A cikin manhaja akwai zaɓi biyu. Na farko, wanda akan rubuta masa sunan Shafi'i, shi ne na Maliku da Shafi'i da Ahmad: lokaci yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali. Na biyu shi ne na Abu Hanifa: sai inuwa ta ninka tsawon abu sau biyu. Tsakaninsu a Kano akwai kusan sa'a guda. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya san cewa a can an ambaci ninkin nan biyu a matsayin ƙarshen zaɓaɓɓen lokacin La'asar. Ashe wayar da aka bari a kan zaɓin Hanafiyya tana kiran Bamalike ne a sa'ad da zaɓaɓɓen lokacinsa yake ƙoƙarin fita. Mata masu salla a cikin gida su ne wannan ya fi shafa, haƙƙi ne kuma a kan maigida ya duba musu.

Alƙibla

Daga Kano, Ka'aba tana kimanin daraja 68 idan an ƙirga daga arewa zuwa wajen gabas, watau mutum ya fuskanci gabas sa'an nan ya karkata hagu da kimanin daraja 22. Kamfas ɗin da ke cikin waya da maganaɗisu yake aiki, saboda haka ƙarfe yana ruɗa shi, kamar ƙyauren ƙarfe, ko janareto, ko rodin da ke cikin dabe. Kafin a yarda da shi sai a nisanci irin waɗannan, a jujjuya wayar a iska kamar ana rubuta lamba 8, a kwantar da ita a tafin hannu, a kuma gwada a wuri biyu ko uku.

Akwai ma'aunin da ya fi kamfas. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai a kan Ka'aba: ran 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ran 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Idan babu hadari, wanda ya kafa sanda a miƙe a wannan lokaci, ya tsaya a kan inuwarta yana fuskantar sandar, to alƙibla yake fuskanta. Amma a tuna, wanda yake nesa da Makka jiha aka ɗora masa, ƙaramar karkata ba ta ɓata salla. Bai dace ba mutum ya karkace shi kaɗai a cikin sahu saboda abin da wayarsa ta nuna. Idan yana da magana sai ya kai wa liman cikin ladabi.

Kwanan Wata

Yawancin wayoyi da manhajoji kalandar Ummul Ƙura suke bi, wadda aka gina a kan lissafi tun kafin watan ya tsaya. A Nijeriya kuwa sanarwar ganin wata tana fitowa ne daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau karaga a shekarar 2006, shi ne kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Wani lokaci akan sami bambancin kwana ɗaya. A cikin manhaja akwai wurin ƙara kwana ko rage shi, sai a riƙa daidaita shi a farkon kowane wata, domin azumin Tasu'a da Ashura da na kwanakin farin wata su faɗa a mahallinsu.

Ƙarar Waya A Masallaci

Ba ƙaramin abin takaici ba ne liman yana karatu sai kiɗa ya tashi daga aljihun wani, ya ɗauke hankalin sahu guda. Maganin wannan yana cikin wayar. Akwai yanayin hana damuwa, mai alamar jinjirin wata ko da'ira mai layi a tsakiya, wanda ake iya tsara masa sa'o'i ya riƙa kunna kansa yana kashewa kullum, har a ware lambar iyaye ko ta mai jinya domin kiransu ya shigo. Idan an manta, waya ta yi ƙara ana cikin salla, danna maɓallin sauti na gefe sau ɗaya yana tsayar da ƙarar a mafi yawan wayoyi. Wannan aiki ne kaɗan wanda ba ya ɓata salla, ya kuwa fi a bar ta tana damun bayin Allah.

Waɗansu sukan sanya karatun Alƙur'ani ya zama ƙarar kira, da kyakkyawar niyya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 19 a Makka cikin Nuwamba 2007, ta hana wannan, saboda akan yanke aya a tsakiya domin amsa kira, wayar kuma tana iya yin ƙara a makewayi. Ƙara mai sauƙi wadda ba kiɗa ba ta wadatar.

Sirrin Mai Waya

Manhajar salla ba ta bukatar bin sawun mutum dare da rana. Sunan gari kaɗai ya ishe ta yin lissafi. Cikin Nuwamba 2020 wata kafar labarai ta Amurka ta ba da rahoton cewa bayanan wuraren masu amfani da manhajar Muslim Pro suna isa ga wani kamfanin dillancin bayanai mai hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja bayanai, suka kuma ce sun yanke hulɗa da kamfanin. Darasin da ke ciki shi ne a shiga sashen izini, a taƙaita sanin wuri ga lokacin da ake amfani da manhajar kawai, ko a rubuta Kano da hannu a rufe izinin baki ɗaya.

Duk gyare-gyaren nan ba su wuce aikin zama ɗaya ba, tsakanin Magariba da Isha'i. Dattijon da idonsa ya yi rauni ya kira ɗansa ko almajirinsa ya danna masa, shi kuwa ya faɗa masa hukuncin, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Matambayi ba ya ɓata. Bayan an gama kuma, kada a yar da sanin inuwa da shafaƙi da alfijir, domin su ne asalin da shari'a ta rataya lokaci a kansu, kuma ranar da caji ya ƙare su ne za a koma wa.

Allah Ya sa a dace, Ya karɓi ibadun Musulmi, Ya jiƙan magabata. Amin.