Yadda Ake Neman Tallafin Nakasa a Giza ga Mai Ciwon Gajiya Marar Yankewa

Mai wannan ciwo yakan shiga ofis da ƙafarsa, ya yi gaisuwa, fuskarsa ba alamar jinya, kuma babu gwajin jini ko hoton da zai nuna cutar kai tsaye. Saboda haka sunan ciwon kaɗai ba ya samar wa kowa komai. Dokar Masar mai lamba 10 ta shekarar 2018 tana kallon tawayar da ta zauna wa mutum har ta hana shi yin harkokin rayuwa daidai da sauran jama'a, ta jiki ce ko ta ƙwaƙwalwa. Duk takardar da za a tara, to ta nuna abin da ciwon ya hana, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana hanawa.

A fara da likita, kuma a riƙe guda ɗaya, domin rahoton wanda ya bi majinyaci wata da watanni ya fi na likitoci biyar da suka gan shi sau ɗai-ɗai. Zai soma kawar da zaton sauran cututtukan da ke kawo kasala: ƙarancin jini, ciwon suga, matsalar ƙullin maƙogwaro, da ciwon hanta nau'in C wanda ya daɗe yana damun Masar har ta yi gangamin gwajin ƙasa baki ɗaya a 2018. Kada a zubar da sakamakon da ya fito lafiya lau. Shi ne shaidar cewa an bincika. Sannan a roƙi likitan ya rubuta alamomin da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta tsayar a 2015: raguwar aiki ta aƙalla wata 6, barcin da ba ya wartsakarwa, rikicewar tunani ko jiri in an miƙe, da wadda ta fi duka nauyi, wato rugujewar jiki bayan ɗan ƙoƙari, wadda kan zo washegari.

A wannan ta ƙarshe ne ake yawan faɗuwa. Kwamitin tantancewa yana ganin mutum na 'yan mintuna, ba ya ganin kwana biyun da zai yi a kwance sakamakon fitowar. Don haka majinyaci, ko wani na gida, ya riƙa rubutawa kullum: yau ya hau matakalar bene ya kasa tashi har la'asar, jiya ya yi salla a zaune, an tsayar da albashinsa wata kaza. Al'adarmu ta amsa “Alhamdu lillahi, da sauƙi” kyakkyawa ce a gaisuwa, amma a gaban masu tantancewa a faɗi yadda rana mafi muni take.

Daga nan sai a nemi ranar gwajin lafiya ta shafin intanet na Ma'aikatar Lafiya da lambar ɗan ƙasa. Bayan gwajin, ofishin kula da nakasassu na yankin da mutum yake zaune, Haram ne ko Imbaba, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a, zai auna abin da yake iya yi da kansa. Ta wannan hanya ake samun katin hidimomi, mai buɗe ƙofar kason kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki da ragin awa ɗaya a ranar aiki. Kuɗin wata kuwa na shirin Karama ne da aka fara a 2015, kuma ana duba ƙarfin aljihun gidan. Baƙo mazaunin ƙasar, kamar ɗalibanmu, dokar tana hawa kansa ne in ƙasarsa na yi wa Misirawa irin haka.

Wani zai ce kowa ma a gajiye yake a Alƙahira, kuma in aka buɗe wannan ƙofa malalata za su cika ta. Tsoron ba na banza ba ne, tunda kuɗin gwamnati ne. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969, Ingila kuma ta daina ba masu ciwon shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki a 2021. Maganin mai ƙarya shi ne a tsaurara shaida, kuma fayil na wata shida da sa hannun likita ya fi ƙarfin malalaci. In an ƙi amincewa da buƙatar, a shigar da ƙorafi a rubuce, a haɗa da sabon rahoto.