Darasi: Yadda za ku auna sola daidai da buƙatar ɗakinku

'Yan'uwa mazauna Makepe da New Bell, idan an ɗauke wuta yawancinmu kyandir muke kunnawa, alhali gidajen haya da yawa na katako ne, a manne da juna. Kyandir ɗaya ya isa ya cinye kaya har da takardun shaida. Ƙaramin sola yana maganin wannan, amma sai an yi lissafi kafin a je kasuwa, don kada kuɗin da aka tara da ƙyar ya tafi a banza.

Mataki na farko: ku ƙirga abin da za ku kunna. A jikin kowane kaya an rubuta ƙarfinsa da harafin W, wato wat. Ku ninka wat ɗin da yawan awoyin da kayan zai yi yana aiki a rana. Misali:
Kwan fitila 3, kowanne wat 5, awa 5: 75.
Fanka mai aiki da batir, wat 15, awa 8: 120.
Rediyo, wat 5, awa 5: 25.
Cajin waya 2: kamar 30.
Jimla 250. Wannan ita ce wutar da ɗakin yake ci kullum.

Mataki na biyu: batir. Batir mai dalma ba ya son a ƙarar da shi. Idan kuna cin fiye da rabinsa kullum, da wuri zai mutu. Don haka ku ninka 250 sau biyu, ya zama 500, ku raba da 12 tunda batir ɗin na bolt 12 ne. Za ku samu kusan 42. Ku nemi wanda aka rubuta 50Ah a jikinsa. Mai hali ya ɗauki 100Ah, saboda ranar da hadari ya wuni. Batir ɗin mota bai dace da wannan aiki ba.

Mataki na uku: faranti. Nan ne waɗanda suka fito daga Arewa suka fi yin kuskure. Ranar Duwala ba irin ta Marwa ko Maiduguri ba ce. A watannin Yuli da Agusta ana iya kwanaki ba a ga rana sosai ba. Ku yi lissafi da awa 3 kawai na rana mai ƙarfi: 250 raba 3, kusan 85. Ku ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda wutar da ke ɓacewa a hanya, sai ku sayi faranti mai wat 120.

Tsakanin faranti da batir dole a sa na'urar daidaita caji, mai 10A ta isa, a kuma sa fis kusa da batir. Dutsen guga, firji da abin dafa ruwa sun fi ƙarfin wannan sola.

Wajen ɗaurawa, ku fara neman izinin mai gida. Faranti ya ɗan karkata don ruwan sama ya riƙa wanke shi, kuma kada inuwar bango ko bishiya ta faɗa masa. A unguwannin da ruwa ke shiga ɗaki, kamar Makepe Missoke, ku ɗora batir a kan teburi, inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara.

A wurin mai shago, a gwada muku kayan a gabanku, ku karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin garanti. Idan kuɗi bai kai ba, ku fara da fitilar sola mai cajin waya, ko maƙwabta biyu su haɗa hannu. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan zai sa ku cikin jerin masu samun sola daga hukumar 'yan gudun hijira, kada ku ba shi ko dala: ayyukan hukumar kyauta ne. Ku sanar da ofishin kariya.