Shan Iska Ba Zaman Banza Ba Ne: Jan Hankali ga Mutanen Gaya da Ajingi

Duk wanda ya baro cunkoson Mariri a watan Agusta, ya haye gadar Wudil ya miƙi hanyar Gaya, ya san yadda hayaniyar cikin mota ke lafawa da kanta. Gero ya fid da kai, dawa na rausaya, gyaɗa ta rufe ƙasa, can nesa ga kuka tsaye kamar dagaci a bakin fada. Sai ka ga fasinja ya ajiye waya ya zuba wa taga ido.

Manomin Toranke ko Kademi ba ya kiran wannan magani. Abin da ya sani shi ne, in rai ya ɓaci a gida, ya fita bayan gari ya zauna gindin tsamiya, kafin magariba zuciya ta yi sanyi. In an tambaye shi sai ya ce ya je shan iska ne.

To, masana sun auna wannan shan iskar. A shekarar 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi kan takardun majinyata 46 da aka yi wa fiɗar maɗaciya a wani asibitin jihar Pensilbaniya. Ɗakunansu iri ɗaya ne, sai dai tagar mutum 23 na kallon itatuwa, ta sauran 23 kuwa na kallon katangar bulo. Masu ganin itatuwa an sallame su cikin kusan kwana 8, masu kallon katanga suka kai kusan kwana 9. Na farkon ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar na biyun ba, ma'aikatan jinya kuma ba su yawaita rubuta ƙorafi a kansu ba. Ba ganye aka jiƙa musu ba, ba sassaƙe aka dafa ba. Ido kawai ya gani, jiki ya amsa.

A 2019 masana na Jami'ar Ekseta a Ingila sun duba bayanan mutane kusan 20,000, suka ga waɗanda ke samun awa 2 a mako cikin lambu, daji ko bakin ruwa sun fi faɗin cewa suna cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Awa 2 a mako! Makiyayin ƙasar Ajingi kan cinye wannan kafin hantsi.

Gani kuma shi ke haifar da shaƙuwa. A duba gawo. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi lif, shi sai ya kaɗe ganye ya bar wa gero rana. Da rani, in ƙasa ta yi fari fat, sai ya yi kore shar, awaki su taru suna tsintar 'ya'yansa, takinsu ya zauna a gonar. Yaron da ya tashi yana lura da wannan, ya san zuwan shamuwa albishir ne na ruwa, ya bambance kukan kurciya da na hasbiya, da wuya ya girma ya ɗora wa gawo gatari don buhun gawayi. Wanda bai san sunan itace ba kuwa, duk itacen girki ne a wurinsa.

Nan ne gizo ke saƙa. Tarihin baka ya ce daga Gaya maƙerin nan mai suna Kano ya tashi zuwa Dutsen Dala neman tama, amma ƙiryar da maƙera ke so yau ta yi wuyar gani. Ana sare ɗorawa da kanya ana kai wa birni. Sabbin gidaje kuma katanga ce doguwa, taga kamar ta kurkuku, tsakar gida an malale da siminti. Wannan ba ci gaba ba ne. An gina wa iyali katangar nan ta asibitin Pensilbaniya ne da kuɗin kai.

Gyaran ba shi da tsada. Manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, sun daina tumɓuke kututture a gona, suna barin tohon suna gyara masa reshe. Da wannan sassaben zamani ƙasar da ta zama fako ta sake yin inuwa.

Saboda haka ana kira ga dagatai da masu unguwanni, da shugabannin makarantu da na asibitocin sha-ka-tafi na Gaya da Ajingi: a dasa darbejiya ko mangwaro inda majinyaci zai hango daga gado, ɗalibi kuma daga aji. A yi dashen a Yuli ko Agusta, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a kuma sa wanda zai riƙa ba shi ruwa har ya tsallake ranin farko.